Dakta Khaulat da Muzurun Mahaifiyata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, huɗu ga watan Maris na 2025, muna cikin kwanakin farko na azumi, Malam Usama ya kira ni daga Manchester ya ce Allah Ya yi wa matarsa, Dakta Khaulat Ubaidullah, rasuwa bayan ta sha jinyar ciwon daji. Ina kicin a gidanmu na unguwar Erdington da ke Birmingham ina yanka albasar buɗa-baki. Na ajiye wuƙar, na tsaya na rasa ta inda zan fara gaya wa mahaifiyata, wadda muke kira Mma.

Khaulat, ke 'yar Zariya ce, likitar dabbobi. Karatu ya kawo ki ƙasar nan, kika zauna kina aikin gwajin sababbin magungunan ciwon daji a kan karnuka da kyanwoyin da suka kamu da shi. Mu kuwa mutanen Kumasi ne, Hausa ce ta haɗa mu a wata walimar suna a unguwar Old Trafford ta Manchester. A wajen na ji wata baiwar Allah tana ce miki, "Yanzu duk wannan scholarship ɗin, kare za a yi wa hidima?" Ni da nake gefe raina ya ɓaci. Ke dariya kika yi, kika ce shi ma Allah ne Ya halicce shi, kuma abin da aka gano a jikinsa wata rana ɗan Adam zai amfana. Kina da rigar aiki daban, rigar salla daban, ba ki taɓa bari tsokanar mutane ta sa kin ɓoye sana'arki ba.

Ban san za mu nemi wannan sana'ar ba sai da Ɗan'azumi ya kwanta. Ɗan'azumi muzuru ne. Marigayi babanmu, Alhaji Iddi, shi ya tsinto shi a bayan wani shago cikin watan azumi, ya raɗa masa sunan. Da Baba ya rasu, wannan muzurun ya zama abokin zaman Mma. Ni ina wajen aiki, jikoki kuwa Turancin Birmingham ne a bakinsu. Da shi take hira da Hausa, shi take yi wa faɗa, shi take ba labarin Kumasi. Ranar da aka ce ƙari ne a cikinsa, kuma mugun ne, Mma ta daina cin abincin kirki. Wallahi na tsorata, domin na san in ya tafi ita ma ba za ta daɗe ba.

Na kira ki ina jin kunya, don ban san yadda ake roƙon alfarma saboda kyanwa ba. Washegari kika shigo jirgin ƙasa kika zo. Kika durƙusa kika gaishe da Mma, sannan kika zauna a kan kafet kika yi mata bayani da Hausa tsantsa: akwai wani magani da ake gwadawa a asibitin dabbobin da kike aiki da su kusa da Birmingham, ba a tabbatar yana warkarwa ba, shi ya sa ake kiransa gwaji. Ba ki yi mata alkawarin komai ba. Sharaɗi ɗaya kika kafa, kada a ba shi wani magani a gida. Mma ta ce ta ji, aka sa shi cikin gwajin.

Ta ji ɗin, amma fa a wajen Mma tafarnuwa da man habbatus-sauda ba sa cikin lissafin magani, kayan gida ne. Da su ta raine mu. Sai ta dinga daka tafarnuwa tana cuɗa masa a cikin kifin gwangwani, ba wanda ya sani. Ashe tafarnuwa guba ce ga kyanwa. Jininsa ya yi ƙasa, ya koma ko tashi ba ya yi, abokan aikinki suka fara zargin sabon maganin. Ke kuwa kina buɗe bakinsa kika ji warin da duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya sani.

Da kika gaya mana, Mma ta kama hannunki tana kuka. Ta ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. In kika faɗa, Turawan nan za su kore shi." Ni ma, Allah Ya sani, abin da nake so ke nan.

Kika ce, "Mama, in na yi shiru maganin za a ɗora wa laifi, a dakatar da shi. Akwai karnuka da kyanwoyin wasu tsofaffi irinki da ke jiran sa. Zan faɗi gaskiya, kuma zan tsaya masa."

Haka kika yi. Aka dakatar da Ɗan'azumi, Mma ta yi fushi har ta daina amsa gaisuwarki a waya. Ba ki fasa zuwa ba. Kika yi jinyar jininsa har ya dawo daidai, kika yi ta kai da kawowa wajen shugabannin binciken har suka yarda aka mayar da shi. Sannan kika yi yarjejeniya da Mma: ta yi masa addu'a yadda take so, ta tofa masa safe da yamma, amma ba abin da zai shiga bakinsa. Ƙarin ya motse. Muzurun da muka fitar da rai da shi ya koma hawa kan firji yana satar nama, Mma ta koma zaginsa, ta kuma koma cin tuwonta.

Bara ciwon ya bayyana a jikinki. Da magungunan da aka saba suka gaza, likitocinki suka yi miki tayin shiga gwajin wani sabo. Malam Usama ya ce ko shawara ba ki tsaya yi ba. Cewa kika yi kin shafe shekaru kina roƙon mutane su ba da dabbobin da suke ƙauna, da wane ido za ki ƙi ba da naki jikin?

Na kai Mma dubiya flat ɗinku na unguwar Whalley Range a Manchester. Kin rame ƙwarai, amma bakin nan na tsokana yana nan. Muna zama Mma ta zaro kwalbar habbatus-sauda daga jaka. Kika dube ta, kika dubi kwalbar, kika yi dariya har da tari.

"Haba Mama! Doka ɗaya ce da ni da Ɗan'azumi. Tofi kawai."

Mma ta mayar da kwalbar, ta matso ta dafa kanki, ta daɗe tana karantawa tana tofa miki, hawaye na zuba a kan mayafinta.

Maganin bai tsayar da naki ciwon ba. Kin san hakan na iya faruwa, ke da kike gaya wa mutane kullum, kuma ba ki janye ba har ƙarshe, don a samu abin da za a koya saboda na baya.

Da na shiga falo ranar Talatar nan, Mma tana kan darduma, Ɗan'azumi na kwance a kan ƙafarta, ya yi ƙiba abinsa. Na faɗa mata. Ta yi salati, ta daɗe tana shafa bayansa, sannan ta ce masa da Hausa, kamar yadda ta saba, "Ka ji, wadda ta tsaya maka ta riga ka."

Allah Ya jiƙan ki, Khaulat. Yadda kika ji tausayin halittun da ba su da bakin faɗin inda ke musu ciwo, Allah Ya ji tausayinki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Mma ga Malam Usama, da 'ya'yanku Zayd da A'isha Humaira, da iyaye da dangi a Zariya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya yaran nan a kan gaskiya irin ta uwarsu. Mma ta ce a gaya muku sunanki ya shiga addu'arta ta safe da yamma, kusa da na Baba. Amin.