Jirgin Yaƙin Baba Hamad

Mahaifina, Baba Hamad, kafinta ne a unguwar Abbasiya, kuma duk faɗin Alƙahira ban san mai taurin kai irinsa ba. A Mai Wurno ta Sudan aka haife shi, gidan masassaƙan kwale-kwale. Da yaƙi ya koro mu nan, sai ya koma gyaran kujeru da ƙafafun gado.

Wata rana ya tsinci hoton wani tsohon jirgin yaƙi mai filafilai a wajen masu sayar da littattafai na unguwar Darrasa. Shi ke nan, muka shiga uku. Ko abinci ake ci sai mun sha tarihinsa: ya yi yaƙi a teku, da ya tsufa aka mai da shi na dakon hatsi, daga baya kurkuku, ƙarshe aka farfasa shi aka yi makamashi. "Amma bai taɓa nutsewa ba," in ji Baba, sai ka ce kakansa ne matuƙin.

Da tafiyata Kanada ta tabbata, ya ce zai sassaƙa mini ƙaraminsa in tafi da shi. Na yi murna ƙwarai, don idanunsa sun fara dushewa, na san aikin hannunsa na ƙarshe ke nan. Ya cika mana falo da garin katako, ya yayyanka zanin gadona ya yi filafilai. Duk na haɗiye.

Ana gobe zan tashi ya gama, ya ce sai an kai shi Nilu.

"Baba, na ado ne fa! Ga baho nan, a gwada a ciki."

"Ke Awadiyya, a gidanmu ba a miƙa jirgi sai kogi ya shaide shi. Wanda bai taɓa kogi ba akwati ne. Yalla, mu tafi."

Na ce to a ɗaura masa zare. Ya harare ni. "Akuya aka ce miki?"

Muka je bakin kogi, ya yi bisimilla ya sake shi. Iska ta cika zanin gadona, jirgi ya miƙe tsakiyar ruwa, ya shige ƙarƙashin gada. Na yi ta ƙwala wa masu kwale-kwale kira, ko waiwaye babu wanda ya yi. Takaici ya sa ni kuka a gaban mutane.

Baba ya kama hannuna, yana ƙanƙance ido wajen da ba ya iya gani.

"Ya karkace?"

"Bai karkace ba, Baba. Ya tafi."

"Tamam," in ji shi.

Mutumin da ya hana a ɗaura wa jirgi zare, bai saki hannuna ba har muka iso Abbasiya.