Kawu Sale da Ƙashin Gefen Ƙafa

Duk wanda ya san Kawu Sale mai ɗori a Gammo ya san ba a raba shi da ƙafar kaza a aljihu. Da ita yake wa majinyata karatu. Ya ja jijiyar, yatsun su lanƙwashe, ya ce, "Ka gani? Haka taka take." Matarsa Inna Hansai ta sha cewa, "Malam, rigar nan wari fa take!" Sai ya ce, "Ai ba ke za ki saka ba."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma na ɗanɗana hannunsa. Wata kaka ina ɗauke da ƙunshin gyaɗa na taka gefen kunya a gona, ƙafata ta gurɗe. Kowa ya ce targaɗe ne, a ja kawai. Kawu ya hana a taɓa ni. Ya bi gefen ƙafar da babban yatsansa har ya iso ɗan tudun ƙashin nan da ke tsakanin diddige da ƙaramin yatsa, ya danna.

"Wayyo Allah!"

"Madalla."

"Kawu, ina ihu kana madalla?"

"To ba ga shi kin nuna min wurin ba?"

Ya ce akwai jijiyar da ke saukowa ta bayan idon sawu ta kama ƙashin nan, ita ce ta fizge ɗan ɓarin ƙashin da na gurɗe. Da an ja, da an ƙara ɓarna. Ya ɗaure, ya ce kada in taka sai ya ce. Kullum sai ya leƙo ya duba tafin ƙafata, wai ko akwai ƙasa a jiki!

Akwai ranar da aka kawo wani Malam Audu daga Kutama da ciwon ƙafa irin nawa, ana gab da shuka, ga iyali, ga gona. Kawu ya lalluba, ya ji karayar ta ɗan gota tudun nan. Ya janye hannu.

"Wannan ba tawa ba ce. Wurin nan ba ya haɗewa da wuri. Ku tafi asibiti a Gwarzo a ɗauki hoto."

Waɗanda suka kawo shi suka ce, "Haba Baba, tun daga Kutama fa muka zo!"

"To ai kun san hanya ke nan."

Suka tafi suna fushi. Bayan wata uku Malam Audu ya dawo da ƙafarsa, ya miƙa masa hoton ƙashin. Kawu ya riƙe shi a juye, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Daidai abin da na gani."

A ciwonsa na ƙarshe hannunsa ya riƙa rawa. Wata mata ta zo da kumburarriyar ƙafa, ya miƙa hannu, ya kasa. Ya ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, ba zan cuce ki ba." Ranar na fara ganin hawayensa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa raɗaɗin da ya ɗauke wa bayinsa ya zame masa sanyi a kabari. Amin.