Yadda Hidaya Ta Raba Ni da Jarkokin Feshi

Ni Gambo, mai shagon maganin feshi a kasuwar Jega, ina da taubashiya guda wadda ta hana ni sakat, sunanta Hidaya. 'Yar kawuna ce, Malam Atiku na Kashin Zama, manomin albasa. Tun tana ƙarama bakinta bai san hutu ba. In ka ce mata kada ta zauna a bakin ƙofa, sai ta tambaye ka wa ya hana, yaushe ya hana, kuma a gaban wa. Da ta samu shiga jami'a a Aliero, karatun kiwon lafiyar al'umma, muka ce madalla, za a ba ta farar riga da allura, baki ya huta. Ashe wasa farin girki.

Sana'ata biyu ce a lokacin. Ina sayar wa manoma maganin ƙwari, in kuma sun gama feshi sai in bi gonaki in tattaro jarkokin, in wanke da toka, in ɗiga musu jan fenti a gindi don a san nawa ne, in sayar wa mata. Kada ka raina jarkar feshi. Ga kauri, ga murfi mai zare, ko a bayan babur ka ɗaure ta ba ta ɗiga. Man gyaɗa, nono, ruwan zuwa gona, duk ita ce.

Hidaya tana aji uku aka yi bikin ƙawarta Altine a Giwa Tazo. Aka dama kunun zaƙi, aka ɗura cikin jarkoki, kafin la'asar mutane sun fi goma a kwance, ga amai, ga jiri, ga miyau yana dalala. Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasu. Tsofaffi suka ce baki ne ya kama bikin. Ita kuwa ta ɗauki jarka guda ta shinshina, ta kifa ta, ta ga jan fenti. Washegari sai ga ta a shagona, ta dire ta a kan tebur.

"Gambo, gaishe ka da aikin asibiti," in ji ta. "Kai kake tura musu marasa lafiya, ko lada suke ba ka?"

Na ce na wanke da toka. Ta ce toka ba ta shiga cikin jikin roba, magani kuwa yana shiga. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Daga nan ta shiga bin gidaje tana wa'azi. Ko'ina ta je a saurare ta da kyau, a ce gaskiya ne, Allah shi yi albarka, sannan a kawo mata ruwan baƙunta a cikin jarkar feshi. Da haushi ya ishe ta, ta samo ƙusa da guduma ta huda duk jarkokin gidansu, guda tara, har da wadda Kawu yake zuwa gona da ita. Ranar Kawu ya bi ta da takalmi har bayan rumbu, ni kuma labarin ya ishe ni dariyar mako guda.

Wata malamarsu ce ta zaunar da ita, ta ce mata wa'azi na mai son ji ne, amma abin da ke shiga cikin kowa sai an yi masa doka. Shi ke nan, an nuna wa kura hanyar mahauta. Hidaya ta dinga aro littattafan doka wajen wata lauya a Birnin Kebbi, ta rame, ta koma magana da sashe da ƙaramin sashe. Ta rubuta doka shafi biyu, ta ce sai ƙungiyar manoman albasa ta amince da ita kafin a fara dashe, don in aka fara feshi sababbin jarkoki za su sake cika gidaje har shekara.

Aka yi taron a Danwarai, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, manoma sun fi sittin. Ni ma na rufe shago na je, don kawai in ga yadda za ta kwashe da su. Ta karanta da Hausa, dattijai suna gyaɗa kai, har ta kai inda aka ce duk manomin da ya gama feshi ya huda jarkarsa kafin ya bar gona. Nan wuri ya yamutse. Shugaban ƙungiya, Alhaji Muhsin, ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Ɗiyata," in ji shi, "mi jarka ta yi maki? Abu lahiya lau, babu tsaga, ki ce in sa hannuna in huda shi? Wanga almubazzaranci na, kuma za a tambaye mu."

Gaskiyarsa. Mutumin da yake ɗinke tsohon buhu sau uku ba zai huda sabuwar roba ba, ko an ɗaure shi. Na ga Hidaya ta naɗe takardarta, wallahi sai ta ba ni tausayi. Har na ce magana ta ƙare. Can sai ta ɗaga kai.

"Baba Alhaji, in ka sha lemon kwalba, kana tafiya da kwalbar gida?"

Ya ce a'a, ai ta mai shago ce.

"To jarka ma a mayar da ita ta mai shago. Kawo tsohuwa, karɓi sabon magani. Ku ba ruwanku da ƙusa. Mai shago shi zai huda, shi zai tara, shi zai mayar wa dila."

Manoma suka hau murna, an ɗauke musu zunubi an aza wa wani. Alhaji Muhsin ya ce dabara ta yi, amma wane mai shago ne zai yarda da wannan wahala? Sai 'yar banzar nan ta juyo ta dube ni, mutum sittin suka juyo tare da ita. Ba ta ce uffan a kan jan fenti ba, alhali da ta faɗa, da ban ƙara sayar da ko ƙwaya a yankin ba. Rufin asirin nan shi ya kashe ni. Kunya ta kama ni, na miƙe na ce na yarda. Masu shago biyu na Aliero suka ga ba dama, su ma suka yarda. Aka yi fatiha, Kawu yana ta gaya wa na kusa da shi cewa ɗiyarsa ce, kamar ba shi ya bi ta da takalmi ba.

Yanzu ta gama, tana neman digiri na biyu a kan dokokin lafiya da tsara manufofi, manoman Maiyama ma sun aiko a ba su kwafin takardar. In ta kira ni a waya, Ɗan Sanda take ce mini, wai ni ne mai tsare mata doka.

Amma ni ba a wurin taro abin ya shige ni ba. Da na koma Jega ranar, na leƙa gidan mahaifiyata, Inna Amariya, na same ta a tsakar gida ta kafa kai tana shan kunu daga wata jarka. Ni na zaɓa mata ita da hannuna shekara biyu da suka wuce, don ta fi duka kyau. Na fizge, na zubar da kunun, na zaro ƙusa daga bango na buga.

"Kai, Gambo, haukan Hidaya ya kama ka?" in ji Inna, ta rarumo muciya.

Tana dukana a baya ina dariya, hawaye suna zuba, ina ƙara wa jarkar huji.