Hirar Inna da Akuya

Jiya na ji 'yata tana bitar Turanci a tsakar gida, tana ta nanata "talk", sai na tuna ajinmu na firamare a Yasore, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba.

Malaminmu, wani mutumin Batsari mai zuwa a keke, shi ya koya mana kalmar. Ya ce ba gaisuwa ba ce, ba aike ba ne, mutum biyu ne, wannan ya faɗa wancan ya mayar. Sai ya sa kowa ya tashi ya ce da Turanci yana yin haka da mahaifiyarsa. Da aka zo kaina na yi gum, na sha bulala. Ya ɗauka daƙiƙanci ne. Ni kuwa na gane sarai, ƙarya ce ban iya ba.

'Yar fari ce ni. In a ƙauye kuka tashi kun san zancen. Inna ba ta kama sunana, ba ta hira da ni. In tana son ruwa sai ta ce, "A kawo ruwa," kamar da bango take. Kunya ce, har yabonta ake yi a kai.

Da rumbu ya yi ƙasa aka koma kwaɗon tafasa, Baba ya ce za a kai ni wurin goggo a ƙauyen Babban Duhu, a rage baki. Tafiyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko Inna za ta ce mini wani abu.

Da safe ina ɗaure ƙunshina kusa da turke, ta zo ba akuya dusa. Ba ta dube ni ba. Sai ta fuskanci akuyar ta ce, "Ke, in kin je gidan mutane, abin da aka ba ki shi za ki ci. Kar ki yi kuka a gabansu. Da kaka za a zo a ɗauke ki."

Ni ma na dubi akuyar na ce, "To. Ki ce mata na ji."

Da kaka aka ɗauko ni. Akuyar kam tuni an kai ta kasuwar Batsari.

Yau tawa 'yar farin gatsal nake kiran sunanta, ta kuma ishe ni da surutu. Inna ta rasu ba ta taɓa kama nawa ba. Amma da malamin nan zai sake tambayata, da na tashi na faɗa, kuma ban yi ƙarya ba.