Bashar da alamar da ta ɓace a hanya

Shekara shida ke nan da rasuwar Bashar, ɗan goggona, taubashina, kuma har yau idan na tuna shi dariya ce ke riga hawaye zuwa. A gidan manoman albasa aka haife shi a Jega, amma bai taɓa iya riƙe fartanya yadda ya kamata ba. Nakan tsokane shi da cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, shi kuma ya ce ai ni da na yi halin ruwan ga ni nan kullum ina warin rumbu.

Da ya gama karatun kwamfuta, wani kamfani a Abuja ya kira shi aiki. Goggo ta kasa cin abinci. Sai ya ce zai gwada abu ɗaya: zai gina wa ƙungiyarmu ta manoman albasa shafin intanet, inda kowa zai kama wa buhunansa wuri a motar da ke zuwa kudu, daga wayarsa. Idan manoma sun karɓa, ya zauna. Idan sun ƙi, ya kama hanya.

Shafin ya fara aiki, har mutanen Aliero da Maiyama suka shigo. Amma Bashar bai natsu ba. Ya ce mini wani mugu zai iya turo wa manomi hoto ko mahaɗin wani shafin intanet, da ya taɓa sai wayarsa ta aika saƙon soke wurinsa a mota ba da saninsa ba, na'urar ƙungiya kuwa ta ɗauka shi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin da ya yi irin na iyayenmu ne idan sun aiki mutum gida: a haɗa shi da wata magana da mai aike da matar gida kaɗai suka sani. Duk wanda ya buɗe shafin, na'ura za ta ba shi wata lamba ta ɓoye, kuma ba ta karɓar saƙon da bai dawo da ita ba. Bashar ya sa mata suna alama.

To, ana tsakiyar zafin bazara, albasa jibge tana jiran mota, sai ya ƙara wani madanni mai aika saƙo a bayan fage, ba sai shafin ya sake buɗewa ba, don sabis ɗin ƙauye ba ya son wahala. Saƙon da ke bin tsohuwar hanya yana tafiya da alamarsa. Wannan sabon kuwa hannu rabbana yake isa, na'ura ta kore shi. Kowa ya danna sai ta ƙi.

Alhaji Mani, dattijon manoman Mungadi, ya kira shi a fusace.

“Kai Bashar, mi ya hwaru? Albasa na shirin ruɓewa, abinga naka ya ƙi mu!”

“Baba, ku yi haƙuri, alama ce ba ta isowa. Yanzu nike gyara.”

Wasu suka ce ya cire mai gadin, wato binciken alamar, gaba ɗaya a huta. Ya ƙi, ko da yake ya san zamansa a gida ne ke lilo. Ya zauna a rumfar shagona, ya ajiye lambar a saman shafin, ya umarci kowane saƙon bayan fage ya ɗauke ta ya ɗora a kansa kafin ya fita. Kafin la'asar komai ya daidaita.

Muka hau babur zuwa Mungadi don ba da haƙuri. Abin da muka tarar ba zan manta ba: dattawa da gwangwanayen fenti, an bi buhu ɗaya bayan ɗaya an sake rangaɗa wa kowanne tambarin mai shi, ja da kore, har da tambarin da ke jikin jakin wani. Alhaji Mani ya miƙe, gemu duk fenti.

“Ka ce alama ba ta isowa. To ga ta nan munka ƙara mata kauri. Duba wayarka, ai ta yi aiki!”

Bashar ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa. Ya haɗiye dariya ya ce, “Ta yi, Baba. Allah shi saka da alheri.” Alhaji ya shiga gaya wa kowa cewa shi da yaron nan ne suka gyara na'ura. Abin da mutum ya sa hannu ya gyara kuwa ba ya yarda a yar da shi. Daga ranar babu mai kare shafin kamar mutanen Mungadi.

Yau matasan da ya koyar a Aliero suna ce mini manhajojin zamani kan haɗa lambar da kansu, wasu ma na'ura suke tambaya ta rubuta musu aikin. Da Bashar na raye, na san abin da zai ce: madalla, amma a duba ko saƙon ya fita da alamarsa. Kuma na san zai yi murna ya ga 'yarsa Hafsatu ce ke kula da shafin yanzu, tana yi wa dattawa faɗa cikin ladabi.

Motar ta tafi kudu da albasarmu lafiya, Bashar kuma bai tafi Abuja ba. Goggo ta ci tuwonta. Muka samu shekarun da suka rage masa a tsakaninmu, da tsokana da bukukuwan sunan 'ya'ya da shan shayi a rumfa. Da ajali ya zo, ba ta waya muka ji ba. Mu muka yi masa wanka, kuma mutanen Mungadi suka cika mota suka zo, suna rige-rigen ɗaukar makararsa. Allah ya jiƙan ka, taubashina.