Babban Yatsan Tsohon Konseye

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sakatariya a meri, wato ofishin magajin gari, na wata komin, ƙaramar hukuma, kudu da Cadawa, kuma ba na musu, ni mai tsanani ce a kan takarda. Kasafin kuɗin shekara ba wasiƙar gaisuwa ba ce. In konseye, wato wakilan ƙauyuka, suka zauna suka amince da shi, ni ke buga shi tsaf, kowane shafi da lambarsa. Magajin gari ya sa hannu a gindin kowane shafi, a buga hatimi, sannan a shafin ƙarshe duk wanda ya halarci zaman ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Daga nan sai buron prefe, wato ofishin wakilin gwamnati na yankin, inda ake dubawa kafin ya fara aiki. Ko ɗigon shayi ya taɓa shafi sai na sake bugawa, mai tsaki ya yi ta yi.

A waccan shekarar akwai layi ɗaya da na haddace: famfon ruwa na wani ƙauye can kusa da iyaka. Wakilinsu tsoho ne dogo, siriri, kakanninsa makiyaya ne kafin su zauna noma. Rijiyarsu zurfi gare ta na fitar hankali, maza da mata kowa jan igiya yake. Shekara huɗu tsohon nan yana zuwa zama, ba ya buɗe baki sai a kan famfon. Ranar da aka amince, da ƙyar adadin mutanen da doka ke so ya cika, kuma da shi aka cika. Na kama yatsansa na dangwala a gurguje, ban ko duba ba.

Bayan sati uku takardar ta dawo. Ma'aikacin da ke dubawa a buron prefe ya ce abin da ke gaban sunan tsohon ba yatsa ba ne, ɗigon tawada ne kawai. Na duba, gaskiyarsa. Baƙi ne sumul, babu zane ko ɗaya. Ya ba mu zuwa Jumma'a mu gyara, in ba haka ba a sake kiran zama. Ni kuwa na san in aka sake zama famfon ya tafi, domin masu son a karkatar da shi garinsu sun riga sun haɗa kai.

Alhamis da hantsi na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen tsohon da takardar da soson tawada. Tun daga nesa na lura babu kowa a bakin rijiya. Igiyoyi a zube, guga a kife, shanu tsaye shiru suna jira. Ban taɓa ganin rijiyar ƙauye haka da rana tsaka ba. Sai na hangi maza zaune a ƙofar gidan tsohon. Da asuba ya cika, wasu suna can suna haƙa kabari.

Na yi ta'aziyya ina shirin juyawa, babban ɗansa ya ga jakata ya tambayi abin da ya kawo ni. Na faɗa masa. Sai ya miƙo mini babban yatsansa, wai a dangwala a madadin ubansa. Na san haramun ne a aikina, amma na ciro wata farar takarda na ce mu gwada tukuna. Ya dangwala. Sumul, kamar na ubansa. Ƙanensa ya matso ya dangwala, sai maƙwabci, sai wani, ɗaya bayan ɗaya. Igiya ta cinye zanen yatsun garin duka. Na tsaya ina kallon takardar ta cika da baƙaƙen ɗigo, mutum goma sha wani abu amma ba ka iya rarrabe ko ɗaya.

Nan aka ce matar mamacin na kirana daga ciki. Tsohuwa ce ƴar ƙarama, idonta a bushe. Ta riƙe hannuna ta ce:

"Kwana ashirin yana kwance bai taɓa igiya ba, ɗiyata. Jiya ina shafa masa mai na ga fatar yatsansa ta dawo."

Na ce mata Inna, wannan ba ya yiwuwa, ni ce zan rubuta a ƙasa cewa na shaida da idona. Ba ta ja da ni ba. Ta ɗaga labulen ɗakin, ta tsaya tana riƙe da shi. Na shiga.

Ba a yi masa wanka ba tukuna. Yana kan tabarma an lulluɓe shi da zane, ɗakin na ƙamshin turaren wuta da magani. Ita ta zaro hannun. Na so in ba ta takardar in juya baya, amma shafin ɗaya ne, da sa hannun kowa a kansa, ba zan bari ya ɓaci ba. Don haka ni na kama yatsan. Da sanyi, amma bai gama sandarewa ba. Na ɗora shi a kan soso, na mirgina shi a kan takarda a hankali, daga hagu zuwa dama, yadda aka koya mini. Da na ɗaga, zanen ya fito raɗau, layi bayan layi, a duk shekarun aikina ban taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Tsohuwar ta jiƙa bakin zanenta ta goge tawadar, ta mayar da hannun, ta gyara lulluɓin. Har yau ban san ko abin da na yi na neman gafara ne ba, amma ina nema.

Jumma'a da safe na kai takardar. Ma'aikacin ya ɗaga shafin wajen taga ya daɗe yana dubawa. Sai ya yi murmushi, ya ce yanzu ne aka yi aiki. Ya buga hatiminsa, ya sa hannu, ya miƙo mini. Har na kai ƙofa ya ce:

"In kin koma ki gaida mini tsohon. Ki ce masa famfonsa ya tabbata."

Na ce, "Zai ji."