Saniyar Aro da Mai Lamba Tara

Akwai wata saniya fara mai baƙin kunne ɗaure a bayan gidana a Bagudo. Ba tawa ba ce. Duk wanda ya shigo ya yaba ta, sai in ce masa ta aro ce, in kawo wata magana. Yau ina so in faɗi yadda ta zo hannuna, domin labarinta ba ya rabuwa da abin da na aikata lokacin da nake sakataren ƙungiyar ƙwallon unguwarmu.

Ba ilimi ne ya ba ni wannan matsayi ba. Da ƙyar na gama sakandare. Rubutuna dai yana karantuwa, kuma ina da wata jakar leda da ruwa ba ya shiga, saboda haka takardun ƙungiya suka zauna a wurina. A filin makaranta muke atisaye, ragarmu duk ɗauri ce, rigunanmu kuwa kowace da launinta.

Abin da muke taƙama da shi ɗaya ne, wato ɗan wasanmu na gaba mai lamba tara. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Geza, shekarunsa ba za su wuce ashirin ba. A keke yake zuwa bayan ya shayar da shanu. Ba ya surutu, ba ya faɗa da alƙalin wasa, amma in aka sako masa ƙwallo a bayan 'yan baya, sai dai su bi shi da kallo. Shi ne ɗan fari a gidansu, kuma shi kaɗai ne namiji da ya isa kora garke.

Wata rana bayan girbi muka buga wasan sada zumunta a Lolo da wata ƙungiya daga tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Yaron ya ci su biyu. Ana tashi shugabansu ya ja ni gefe. Attajirin auduga ne, Dendi da Faransanci ne a bakinsa, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Ya ce yana son mu ba shi aron mai lamba tara na kakar wasa ɗaya, daga lokacin zuwa faɗuwar damina. Zai ba ƙungiyarmu riguna iri ɗaya, da ƙwallaye, da raga sabuwa. Yaron kuma zai samu ɗaki da abinci da ɗan albashi. Bayan mako guda ya aiko da takarda, shafi uku, duk da Faransanci.

Na kai ta wurin wani ɗan canji a kasuwar Lolo wanda ya yi karatu a can. Yana karantawa yana fassara mini, yana sallamar masu canjin kuɗin sefa da hannu ɗaya. Da ya zo tsakiyar shafi na biyu sai ya ajiye kuɗin da ke hannunsa ya sake karantawa. Ya ce a nan an rubuta cewa idan yaron ya yi musu, suna da damar biyan kuɗin da aka ambata kafin kakar wasan ta ƙare, shi ke nan ya zama ɗan wasansu har shekara uku. Ba sai sun sake neman yardarmu ba, domin sa hannun yau ya wadatar. Zaɓin saye nasu ne, mu ba mu da ta cewa.

Ya dube ni ya ce, "Sakatare, iyayen yaron ga sun san da wannan?"

Na ce za su sani.

Ban faɗa masa ba cewa attajirin ya riga ya yi mini alkawari da baki, in har cinikin ya faɗa akwai rabona daban. Babur ɗina ya shekara yana jingine. A hanyar komawa gida na riƙa ce wa kaina ai ba za su saya ba, wa zai zuba kuɗi a kan ɗan ruga? Zuciyar da ke faɗin haka kuma ita ce ke lissafin irin babur ɗin da zan saya.

Sai da yardar mahaifinsa yaron zai tafi, kuma a nan ne na samu ƙofa. Fulanin wajenmu suna jin kunyar ɗan fari. Uban ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi su yi doguwar magana, ɗan ma ba ya iya tsayawa gabansa ya yi tambaya. Duk wata babbar magana sai ta bi ta bakin wani. A wannan karon ni ne bakin.

Na iske tsohon a gindin wata ƙirya, ya miƙe ƙafarsa ta dama saboda gwiwar ta daɗe tana damunsa. Aka kawo mini kindirmo. Na yi bayanin ɗaki da abinci da albashi. Da na gama sai ya faɗi nasa. Ya ce da rani shanunsa a fadama suke, ba su da wahala, ko shi zai iya da su. Amma da zarar ruwa ya sauka gulbi ya fara cika, dole a fitar da su zuwa tudu, tafiyar kwana uku ta tsakanin gonakin da aka shuka. Wannan aiki sai mai ƙafa, wanda zai tare nan ya tare can kafin saniya ta sa baki a shukar mutane.

"Abu ɗaya zan tambaye ka," in ji shi. "Wancan zai dawo kafin ruwa?"

"Zai dawo, Baffa."

Ya ce to ai aro sun san shi, abin da aka ara yana komawa ga mai shi. Bai nemi ganin takarda ba. Tana cikin jakar ledar, a kan cinyata.

Shi yaron ba ya jin Faransanci, amma lamba ba ta da yare. Da na shimfiɗa masa takardar a kan sirdin kekensa, sai ya sa yatsa a kan kuɗin da ke shafi na biyu, ya tambaya na mene ne. Na ce masa in sun so ci gaba da shi ne, kuma na yi wa Baffa bayanin komai, ya amince. Ya daɗe yana kallon wurin. Daga nan ya karɓi biro ya sa hannu. Haka na yi wa uba ƙarya ɗaya, na yi wa ɗa wata, ina sane da cewa ba za su taɓa zama su gwada su ba.

Bayan wata guda da tafiyarsa, sai ga ƙanen tsohon a ƙofar gidana da karsana. Ya ce Baffa ya ce tunda na ɗauki ɗawainiyar ɗansa, ya ɗauke ni aboki. Al'adarsu ce, suna kiranta habbanaye. Mutum ya ba wanda ya yarda da shi aron saniya, ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ta koma garkenta. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida. Matata ta yi murna har ta raba wa maƙwabta goro. Ni kuwa na karɓi igiyar da hannu biyu na yi godiya. Da a ranar na ce a mayar da ita, na bi bayanta na faɗi gaskiya, da akwai sauran lokaci. Ban yi ba.

Sau ɗaya na ƙetara na kalli wasansa. An yi masa aski irin na 'yan birni, ya sa takalmin ƙwallo na gaske. Ya ci ɗaya, ya ba da aka ci ɗaya, mutanen garin suna kiran lambarsa da Dendi. Attajirin yana kusa da ni, duk ƙwallon da ta shiga sai ya matse mini hannu. Na yi tafi tare da kowa. Bayan wasa yaron ya ba ni ƙullin kanwa da tocila in kai gida, ya ce in gaya wa Baffa yana gaishe shi. Na kai kanwar, na ƙara da cewa yaro ya ce saura mako bakwai. Wannan ma ni na ƙirƙira.

Cikin bazara attajirin ya kira ni a waya, ya ce sun biya. 'Yan kwamitinmu suka yi ta murna, aka ce za a kewaye fili. Ba wanda ya tambayi uban yaro, domin duk sun ɗauka na gama da wannan tun farko. Na karɓi rabona na sayi babur. Daga Bagudo zuwa Geza a sabon babur ba wata tafiya ba ce, amma mako uku ban bi hanyar ba. Ranar kasuwa in na hango masu tallar nono sai in sauya layi. Yaron ya kira ni ya fi sau goma, ina kallon wayar har ta gaji.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Daga baya na ji cewa sauran rugage duk sun tashi, tsohon ya ƙara kwana huɗu a fadama, duk wanda ya ce masa ya tashi sai ya ce sakatare ya ce yaro na hanya. Da ruwa ya kai wa shanu gwiwa, ya ɗauki sanda ya kora su da kansa. Ruwa ya tafi da maruƙa biyu a mashigi. Shanun suka faɗa gonar wani a wajen Bahindi, sai da dattawa suka shiga tsakani. Ya isa tudu da ƙafa kumbure, kuma tun daga ranar ba ya tafiya sai ya dogara.

A kasuwar Lolo yaron ya kama ni, wajen masu awon shinkafa. Bai ɗaga murya ba. Ya ja ni bayan rumfa, ya ce wata gwaggonsa ce ta faɗa masa abin da ya faru.

"Sakatare, kai ka ce Baffa ya sani."

Bai jira amsata ba. Ya ce lokacin da attajirin ya nuna masa an biya, ya yi niyyar gudowa, sai aka ce masa in ya tafi ba zai sake buga wa kowa ba, nan ko can. Amma ba wannan ya tsayar da shi ba. Abin da ya tsayar da shi, ya ɗauka uban ne ya yarda a sayar da shi, ya ji kunyar komawa inda aka sallama shi. Shi kuma uban, in ji gwaggon, ya ɗauka ɗansa ya zaɓi ƙwallo ya bar shi da shanu a ruwa, ya hana a ambaci zancensa a ruga. Ban taɓa tunanin ƙaryar za ta kai nan ba. Ni riguna da babur kawai nake gani.

Washegari na kwance saniyar, tana da ciki a lokacin, na ja ta da ƙafa har inda suka sauka a tudu. Na iske tsohon zaune, sanduna biyu a gefensa. Na durƙusa na faɗa masa komai, da ɗan canjin, da shafi na biyu, da abin da na ce wa ɗansa, da mako bakwai ɗin, har da babur. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Sai ya tambaye ni.

"Wancan bai ƙi ni ba ke nan?"

"Bai ƙi ka ba, Baffa. Ya ɗauka kai ka sallama shi. Ni na raba ku."

Ya juya yana kallon garke, ya shafa fuskarsa da gefen rawani. Ya kira ƙanensa da Fulatanci, ya faɗa masa wata magana gajera. Daga baya na gane cewa ya ce a aika wa yaron ya zo gida ranar da ba su da wasa.

Na miƙa masa igiyar. Bai karɓa ba. Ya tambaye ni ta haihu nawa, na ce ba ta haihu ba tukuna.

"To mai da ta. Lokacinta bai yi ba."

Na ce ban cancanci riƙe ta ba. Ya ce shi bai tambaye ni wannan ba, ya ce uku, kuma uku ne. Haka na juyo da ita, rana tsaka, muna tafe tana tsayawa tana cin ciyawa ina jiranta.

Na ajiye muƙamin sakatare a ƙarshen wannan shekarar. Jakar ledar tana wurin wani yanzu, kuma na gaya masa duk takardar da za a sa wa hannu, a karanta ta da ƙarfi a gaban mai ita da iyayensa. Yaron yana shekararsa ta ƙarshe a can. Da albashinsa ake biyan makiyayin da ke fitar da shanun duk damina. Yakan zo gida da Sallah, an ce yakan zauna nesa kaɗan da uban, su yi shiru tare. In muka haɗu yana amsa sallamata, ba ya ƙarawa. Babur ɗin ban sayar ba, ina hawa, ba zan ce na fi haka ba.

Saniyar ta haihu biyu. Duk haihuwa tsohon yakan sa a kawo shi a bayan babur, ya duba maraƙin, ya buɗe masa baki, ya ce in rage mata dusa in ƙara harawa. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma sake kirana aboki ba. Yanzu tana da ciki na uku. Kullum da safe ita nake fara ba ruwa kafin in karya, kuma na riga na sayi sabuwar igiyar da zan mayar da ita da ita.